Ƙugiyar Jabir da Gorar Ruwa

A Uhudu, can bayan layin masu sayar da dabino da carbi, idan ka tambayi Jabir mai ƙugiya kowa zai nuna maka gidansa. Kakansa daga Damagaram ya taso a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya sauke farali, ya zo Madina ziyara bai koma ba. Shi Jabir a unguwar Sih ta Madina aka haife shi. Karatunsa bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara sha tara ya shiga wani kamfani mai fasa hanya a cikin duwatsu. Aikinsa ya hau fuskar dutse, ya ɓamɓare duk abin da ya saki, sannan a shimfiɗa ragar ƙarfe don kada wani abu ya gangaro kan motoci.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan aiki, sha tara daga ciki Shittu ne ke riƙe masa igiya daga ƙasa. Shittu mutum ne mai jiki, yanzu yana da ɗan shago a Uhudu, yana sayar wa maziyarta ruwan sanyi. Shi ya fi kowa sanin hannun Jabir.

Inda dutse yake da tsaga, sai a buga turken ƙarfe a ratsa igiya, wannan kowa ya iya. Inda ya yi sumul fa, babu abin kamawa sai ɗan baki kamar kaurin yatsa, nan Jabir yake rataya ƙugiya ya ratsa igiyarsa a jikinta, ko da zai zame ta tare shi. Amma ƙugiya ba ta da amana. Kana wuce ta igiya ta motsa, sai ta ɗaga ta fita. Don haka kowace ya rataya sai ya ɗaura mata nauyi a gindi, yawanci babbar gorar ruwa, ta danne ta. Samarin kamfanin suna yi masa dariya, wai yana shayar da dutse.

Ya bar aiki da shekara shida abin ya faru. Wata Juma'a da hantsi, a tsakiyar bazara, Shittu na jera ruwa sai ya ji ana ihu ta bayan unguwa. Wani ɗalibi ne, Abubakar Siddiƙ, mutumin Gusau da ke karatu a jami'a. Ya hau dutse don ya nuna wa mahaifiyarsa koriyar kubbar masallacin Annabi ta waya, wajen saukowa ya ɓace hanya, ya gangara ya tsaya a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin dardumar salla ba. Sama ba hanya, ƙasa tsawon bene huɗu. An kira 'yan ceto suna tafe, amma rana ta riga ta fara gasa dutsen.

Shittu ya aika a kira Jabir, shi kuma ya saɓi kwalin ruwa. Jabir ya zo da tsohuwar jakarsa, ya tsaya yana duban dutsen har mutane suka fara gunaguni.

"Abu Hanan, yalla, yi sauri mana," in ji Shittu, yana kiran Jabir da alkunyarsa.

"Shuwayya, a hankali. Ɗaura igiyar a wannan tumbin naka, yau zai yi amfani."

Ya rataya gora uku a ƙugunsa, don fiye da haka za su ja shi baya. Ya fara hawa. Ya shafa dutse da yatsa, ya sami baki, ya ɗora ƙugiya, ya ja ta a hankali, ya ƙara ja da ƙarfi, ya ɗaura mata gora, sannan ya taka gaba. Ta biyu ma haka.

"Baba, don Allah ka yi sauri!" Siddiƙ ya ƙwala daga sama.

"Ustaz, kai da ka yi sauri ga inda ka tsaya. Juya fuskarka ga dutse. Wace sura ka fi riƙewa?"

"Baƙara."

"Madalla, ta ishe mu. Fara."

Ya fara. Bai kai ko'ina ba muryarsa ta shaƙe, ya ce maƙogwaronsa ya bushe, idonsa na ganin duhu-duhu.

A ƙugiya ta uku Shittu ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekara sha tara. Jabir ya rataya ta, ya taɓa gorar da ta rage masa, ya ɗaga kai ya dubi ɗalibin, ya bar gorar a ƙugunsa ya wuce. Siddiƙ ya ajiye wa ita. Shittu ya ƙara kafa ƙafafunsa.

Taku biyu Jabir ya yi, ɓallin dutse ya karye a ƙarƙashin takalminsa. Ƙugiya ta uku ta yi tsalle kamar fara. Mata suka sa salati. Igiya ta zare a tafin Shittu kamar wuta, ya damƙe, ya zauna daɓas a ƙasa. Ƙugiya ta biyu ta yi ƙara, gorar da ke gindinta ta yi ta lilo, amma ba ta fita ba.

Jabir na reto, gwiwar hannunsa na jini. Ya dubo ƙasa.

"Shittu."

"Na'am."

"Laifina ne."

"Na gani."

Ya sake hawa. Ya mai da ƙugiya ta uku, ya kwance gorar ya ɗaura mata, ya gwada har sau uku. Wannan karon babu wanda ya ce ya yi sauri. Da ya isa tudun ya sami tsaga, ya buga turke biyu, ya zarga wa Siddiƙ igiya a ƙirji da cinyoyi.

"Baba, ruwa."

"Ruwanka na ƙasa yana aiki. Za ka wuce shi a hanya, kada ka taɓa."

Shittu ya riƙa sassauta igiya kaɗan-kaɗan da hannuwan da suka saluɓe, Siddiƙ na saukowa ido a rufe. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zube, daidai lokacin da motar 'yan ceto ta shigo layin. Ya sha gora guda bai ɗaga kai ba, ya nemi ta biyu, sannan ya fashe da kuka.

Jabir ya sauko a bayansa, yana cire ƙugiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi ɗalibin, ya dubi agogo.

"Ku wanke masa fuska," ya ce. "Zai samu Juma'a."