Yadda Gwaggo Tasalla Ta Ɗaure Mana Kayan Konni

Gwaggo Tasalla ba ta taɓa yar da gwangwani ba a rayuwarta. Ku da kuka zauna da mu a Zangon Kumasi, gidan hayar Maame Akosuwa, kun san ba ƙari nake yi ba. Na madara, na kifi, na tumatir, kowanne sai ta wanke shi da toka, ta dandaƙe bakinsa da dutse don kada ya yanki mutum, ta shanya, sannan ta tura shi ƙarƙashin gado. In ta ja tabarma ta taɓa su, har tsakar gida ana jin ƙararsu. Ka ari ɗaya ka ɗebi ruwa, idonta na kanka har ka shanye.

"Dawo min da abina," za ta ce. "Gwangwani ba ya mutuwa, mai shi ne ke mutuwa."

Yayar babana ce. Sana'arta shinkafa da wake, irin wadda ake dafawa da karan dafi ta yi ja, tana sayarwa a bakin titi kusa da masallaci. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta uku kuma babu wanda ya kai yaye. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Inna take ce mini ko da zagina za ta yi. Sai ka ji ta ce, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri, amma ke sakarya ce."

A ƙarshen shekarar 1969 aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Mu asalinmu Birnin Konni ne a Nijar. Gwaggo a goye aka zo da ita. Baba a Kumasi aka haife shi, ni ma haka, ɗana da ke bayana ma haka, amma wa ya san da wata takarda? Zango ta rikice. Mutane na fito da gado da katifa da keken ɗinki bakin ƙofa suna sayarwa kamar kyauta. Kullum sai an ji an kwashe wasu a kasuwa an zuba a mota. Ko tukunya ce ta faɗi a tsakar gida, sai gaban kowa ya faɗi tare da ita.

Gwaggo ko a jikinta.

"Ni ce baƙuwa?" in ji ta. "Ranar da aka shigo da ni garin nan, kasuwar Kejetiya fadama ce, kwaɗi ke kuka a ciki. Wanda ya rubuta dokar ya je ya tambayi uwarsa, ta san ni."

Baba tela ne, mutum mai sanyin hali, kuma bai taɓa ɗaga murya a gaban yayarsa ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya samo mana wuri a wata motar goro da za ta yi arewa ranar da wa'adi zai cika. Ya zo ya durƙusa a gabanta, hula a hannu.

"Yaya, in ba ki tafi ba, ni ma ba na tafiya. Su zo su kama mu tare."

Duk mun san da gaske yake, kuma abin da ya hana mu sukuni ke nan. In Gwaggo ta kafe, Baba ya zauna, in Baba ya zauna, mota ta tafi ta bar mu, babu wata. Ta dube shi tana tauna goro.

"To, na ji. Amma ni zan ɗaure kayan kowa. Ku 'ya'yan Kumasi ba ku san zafi ba. A Konni kaza dafaffen ƙwai take sakawa."

Maigidana shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa zuwa Konni, da fataucin goro. Ya sunkuyar da kai irin na suruki, ya ce a hankali, "Gwaggo, ai yanzu can lokacin sanyi ne."

"Kai baƙunta ka je. Ni can aka yanke min cibiya."

"Yaya," in ji Baba, "ko zama ba ki fara yi ba aka ɗauko ki."

"Ya isa in ji zafin. Har yau bai sake ni ba."

Haka aka bar mata ɗaurin kaya.

Direba ya riga ya kafa doka, kowa ƙunshi ɗaya, wanda zai iya ɗorawa a cinyarsa. Gwaggo ta kifa turmi a tsakar gida ta zauna a kai, kowa ya kawo kayansa ya zube a gabanta kamar an zo shari'a. Da ni ta fara. Ina da wata rigar nailan mai ruwan hoda, sau ɗaya na sa ta da Sallah, ina ji da ita. Gwaggo ta zare zare ɗaya daga gefenta, ta kai shi kusa da garwashi, ya dunƙule ya narke.

"Kin gani, Inna? Haka za ta yi a jikinki kafin mu kai Tamale. Sai an kankare ki da wuƙa."

A gabana ta miƙa wa 'yar Maame Akosuwa rigar. Takalmin roba ma ta jefar gefe, wai zai dafa min ƙafa, ta sa min faɗe na fata. Sababbin atamfofina ta ajiye, ta zaɓi tsofaffin da suka sha wanki, ta ce su ne ke shan gumi. Ta ƙara farin mayafi na rufe kan yaro, da laima, da gidan sauro mai faci fiye da asalin yadinsa. Na yi kukan rigar nan a bayan ɗaki, ba na musu.

Maigidana ya kawo rediyonsa a naɗe cikin tawul, yana riƙe da shi kamar jariri.

"Mene ne wannan?"

"Rediyo ne, Gwaggo. Don jin labari a hanya."

"Wannan da ya kore mu? Shi ya buɗe baki ya ce mu fita, kuma kai za ka ɗora shi a cinya ka kai shi gida?"

Rediyo ya koma gefe. A gurbinsa ta ba shi goran ruwa babba, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ta ce ya riƙa yayyafa masa ruwa a duk inda aka tsaya. Baba kuma ta bar masa kan kekensa da almakashi, ta ce su za su ci da mu. Amma bargonsa mai kauri ta zare. Ya faki idonta ya mayar, ta sake zarewa. Ya cusa shi cikin buhun kan keke, ta shinshina buhun ta ce, "Garba, ina jin warin bargo." A nan ya sallama. Bargon nan kam mun yi kewarsa a hanya, haƙora na haɗuwa, don maigidana ne ke da gaskiya. Amma wa zai faɗa mata a lokacin?

Ana cikin haka, wata safiya ina taya ta zuba abinci a bakin titi, sai ga ɗan sanda ya nufo mu. Masu ci suka watse, wasu da kwano a hannu. Ni na raɓe a bayanta. Gwaggo ta ɗago ta dube shi, ta ce da Tonanci, yaren mutanen garin, wanda ta iya fiye da masu shi:

"Kwaku, kai ne cikin wannan hula? Da kana makaranta ƙanzo nake ƙwaƙule maka, ka cinye ka lashe ganyen. Yau kamun wa ka zo?"

Ya cire hular, ya waiga hagu da dama. Ya yi magana da Hausarsa ta Zango, murya ƙasa-ƙasa, ya kira ta Maame, wato uwa.

"Maame, ni ba zan taɓa ka ba. Amma in lokaci ya cika, ba mu ne za mu zo ba. Za a kawo wasu daga wani gari, ba su ci abincinka ba. Don Allah ka tafi."

Ta zuba masa shinkafa a ganye, ta karɓi kuɗinta cif, ba ta yi masa gyara ba. Amma da ya juya na ga ta rufe tukunya tun abinci bai ƙare ba. Ban taɓa ganin haka ba, kuma tsoron da na ji a ranar ya fi na shelar rediyo.

Ana gobe tafiya ta jawo gwangwanayen nan kaf daga ƙarƙashin gado. Wannan ta cika shi da man kaɗanya ta toshe da ganye ta ɗaure, don kada ya narke ya bi kaya. Wannan kanwa, wannan gishiri, wannan yaji, wannan ƙwayar kwinin ta zazzaɓi, wannan garin rogo da ƙuli-ƙuli. Ta bi ƙunshin kowa tana cusawa. Babu wanda ta ce wa ya dawo mata da abinta. Na ce, "Gwaggo, ina naki ƙunshin?"

"Mai ɗaure wa mutane kaya, nasa ne na ƙarshe."

Da asuba na shiga madafa ɗumama wa yaro koko. A bayan ƙofa na tarar da babbar tukunyarta a rufe. Na ɗaga murfin. Wake ne jiƙe, ya kumbura har wuya, karan dafi a wanke a gefe, itace a jere. Kun san Gwaggo. Matar da ƙwayar wake ɗaya in ta faɗi ƙasa sai ta tsugunna ta nemo ta, ba za ta jiƙa tukunya guda ta tafi ta bar shi ya lalace ba.

Na juyo, ga ta tsaye a bakin ƙofa da buta.

"Gwaggo, wanda zai yi tafiya ba ya jiƙa wake."

"Rufe min tukunya, ƙuda zai shiga."

"Za su kama ki. Kin ji abin da Kwaku ya ce."

"Inna," ta ce, ta matso har ina jin ƙamshin goro a bakinta, "in babanki ya ji yanzu, zai kwance kayansa ya zauna. Ni tsohuwa ce, in sun kama ni abinci zan ci musu. Shi fa? Yaron da ke bayanki fa? Goya ɗanki ki fito."

Na roƙe ta da Allah da Annabi. Ta ce kokon zai yi gudaji.

Tasha ta cika ta batse. Mata na kuka, yara na ɓata, 'yan sanda na zagayawa da kulake, ga kayan da direbobi suka ƙi ɗauka an jibge kamar bola. Gwaggo ta hau mota kafin kowa, da ɗan ƙunshi a hammata. Ita ta raba mana wurin zama. Ta tura Baba can ƙurya, jikin kan mota, ta ɗora masa kan keke a cinya, ta sa maigidana a gabansa da goran ruwa, ni a gefe, sannan ta bari mutane suka yi ta shigowa har babu wurin sa allura. Ita ta zauna a bakin ƙofar baya, wai don iska. Baba sai murmushi yake yi mata daga ƙurya, yana ta godiya ga Allah. Ni na kasa kallonsa.

Direba ya tayar da inji. Yaron mota ya kama ƙofa zai ɗaga. Gwaggo ta miƙo min ƙunshinta ta kan mutane, ta dafa kafaɗar yaron, ta dira ƙasa.

"Yaya, ina za ki?"

"Na bar wake a jiƙe."

Baba ya yunƙura zai tashi, kan keke ya danne shi, mutane sun toshe shi ta ko'ina. Ya fara kiran direba ya tsaya. Gwaggo ta zagayo gefen motar, daidai inda yake, ta ɗaga masa yatsa kamar yadda na tabbata take yi masa tun yana yawo ba wando.

"Garba, zauna. Na ɗaure wa kowa abin da zai ɗauku. Nawa kayan suna maƙabartar Tafo, mutum huɗu, babu igiyar da za ta ɗaure su. Kai ka kai Inna gida."

Ya zauna. Kuka yake yi kamar yaro, amma ya zauna, don bai taɓa saɓa mata ba. Mota ta fara tafiya, tana biye da mu da ɗan saurinta tana faɗa wa maigidana kada ya manta da yayyafa wa gora ruwa. Da muka fita gari na kwance ƙunshinta. Dafaffen ƙwai ne da gurasa, daidai bakin kowa.

Labarinta daga bakin direbobin goro muka riƙa ji a Konni. Sun ce Maame Akosuwa ta ɗaura mata zanen Tonawa, ta ɗauko kujera ta zauna kusa da ita a bakin titi. Da baƙin 'yan sandan suka zo, Maame ta ce yayarta ce, ita kuma Gwaggo ta wanke su tas da Tonanci a kan sun tsaya mata a gaban tukunya suna kore mata masu saye. Suka ba da haƙuri, suka sayi shinkafa. Su ma ba ta yi musu gyara ba.

Daminar da ta biyo baya ta kwanta, ba ta tashi ba. Mutanen masallacin da suka rage ne suka yi mata sutura, Tonawan unguwa suka raka ta har Tafo. Babu ko ɗaya daga cikinmu a wurin, kuma wannan har yau yana yi min ciwo. Baba da ya ji, sai ya tambayi direban da ya kawo labarin ko kusa da 'ya'yanta aka sa ta. Ya ce kusa da su ne.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya miki shi, ya haɗa ki da naki a inda ba a korar kowa. Mu da kika tura gaba, Allah ya sa in tamu ta zo mu tarar da ke. Amin.