Gwiwar Ɗan Injiniya

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙi a Doha, akwai wata safiya ta farkon 2021 da har yau ba ta bar raina ba. Ku da kuka zo bayan Gasar Kofin Duniya ba ku tarar da mutumin ba, don haka da shi zan fara.

A lokacin, kamar yanzu, direbobin kamfaninmu kashi biyu ne: masu bas da ke kwasar leburori daga masaukinsu na unguwar Sanaiya zuwa wurin gini, da mu masu ƙananan motoci da ake haɗa kowannenmu da babban ma'aikaci guda. Da korona ta shigo aka rufe wani ɓangare na Sanaiya, sai aka mayar da mu wani gida a Abu Hamour. Shugaban direbobi, Alhaji Mumuni, mutumin Zangon Kumasi, ya kira ni ya ce daga ranar ni zan riƙa ɗaukar wani injiniya ɗan Japan. Ya maimaita mini dokokin da kuka sani: ba ka fara yi wa fasinja magana, ba ka leƙa wayarsa, ba ka tsayawa a hanya sai ka sanar da ofis.

Injiniya Okuda dattijo ne siriri mai furfura, ba ya son surutu. Isa-san yake ce mini, wai haka ake girmama mutum a wurinsu, ni kuma in ce Oga. Turancinsa na ɗingishi, nawa ma haka, sai muka fi fahimtar juna. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Wata rana da safe na ji wani ɗan kiɗa yana fitowa daga wayarsa, ga wani mutum yana jan murya kamar maroƙi. Na kalli madubi, ya kama ni ina kallo. Da muka tsaya a danja sai ya miƙo wayar gaba. Wasu ƙattai biyu na gani, ba komai a jikinsu sai wani ƙaton bante, sun durƙusa suna hararar juna. Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Amma da suka yi karo, ɗaya ya cusa hannu ya kama ɗamarar ɗaya, ya sunkuyar da ƙugu ya juya shi, sai dariyar ta ɗauke. Na san wannan kamun. Da shi na sha kayar da maza a Gwadabawa.

Na ce, "Oga, ni ma ɗan kokawa ne a da."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna wanda ya yi kayen, ya ce, "Ɗana ne. Haruo."

Daga nan ya riƙa yi mini bayanin kokawar tasu, sumo. Fili ne zagayayye a kan tudun yumɓu. Wanda ƙafarsa ta fita daga da'ira, ko wani sashe na jikinsa ya taɓa ƙasa ban da tafin ƙafa, ya faɗi. Bayan kowane wata biyu ake yin gasa, kuma 'yan wasan hawa-hawa ne kamar soja: ka ci da yawa a ɗaga ka, ka faɗi da yawa a sauke ka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in ciwo ya hana ka fitowa, faɗuwa ake rubuta maka. Shi ya sa za ka ga mutum gwiwa a naɗe, kafaɗa a naɗe, yana ɗingishi, amma ya fito. Haruo ya bar gida tun yana ɗan saurayi ya shiga gidan horo, kuma a lokacin taki ɗaya ya rage masa ya kai matakin da ake lissafa mutum cikin manya.

Saboda bambancin lokaci, wasansa yakan faɗo daidai muna kan hanyar aiki. Oga ya riƙa jingina wayar a jikin kujera, in mun isa da wuri mu kalla tare a wurin ajiye motoci. Zauren nasu babu mutane sosai saboda annoba, an kuma hana ihu, sai tafi. Kana jin numfashin 'yan wasan. Ni dai abin yana ba ni tausayi. A wurinmu bayan kaka ake yi, ƙasa a share, makaɗa a gefe, 'yan mata da tsofaffi a kan katanga, a kira sunanka da na uwarka har ka ji ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. In na koma ɗaki a irin waɗannan ranaku, sai in kwanta ina jin gangar a kunnena.

Tun kafin wannan gasar ta farkon shekara, gwiwar Haruo ta dama tana naɗe da farin ƙyalle. Uban ya ce sun yi waya, yaron ya ce ba komai. Oga bai ga ɗan nasa ido da ido ba tun kafin korona. In ya tafi sai an killace shi can, in ya dawo a killace shi nan, aikin kuma ba ya jira.

Ranar da abin ya faru muna kan babban titi, mun nufi wurin aiki a Lusail. Na ji karon daga baya, na ji alƙalin wasa yana ta kururuwarsa, sai kuma shiru. Ba tafi.

"Isa-san, tsaya."

"Oga, ba a tsayawa a nan. Ka ba ni minti biyu."

Na sauka a gidan mai na farko na kashe mota. Ya miƙo mini wayar. Haruo yana kwance a ƙasan tudun, ya yunƙura zai tashi ƙafar ta lanƙwashe, ya koma. Aka turo wata ƙatuwar kujera mai taya aka ɗora shi. Kafin a fita da shi sai da ya sunkuyar da kai ga filin. Aka kira 'yan wasa na gaba, gasa ta ci gaba.

Oga ya kira matarsa, ba ta san komai ba fiye da abin da muka gani. Ya kira gidan horon, ba a ɗauka ba. Ga shi ana jiransa a taro. Na fita na kira Alhaji Mumuni.

"Malam Isa, ina ka ke? Mota ta tsaya, ina gani a na'ura. Yalla mana, ja mota ku tafi."

"Alhaji, ɗansa ya ji ciwo a can ƙasarsu. Yanzu a kan idonmu."

Shi ma Alhajin mahaifinsa ya rasu a Kumasi cikin kullen, bai samu zuwa jana'iza ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Zauna da shi. Ni zan yi magana da ofis."

Na sayo shayin karak kofi biyu na buɗe ƙofar baya na ba shi ɗaya. Na tsaya a waje jikin motar, shi yana ciki. Muna nan har shayin ya huce. Can matarsa ta kira: jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai an yi aiki, kuma zai daɗe bai hau fili ba. Duk hawan da ya yi shekara da shekaru zai zube, ya koma cikin sabbin shiga.

Bayan 'yan makonni, muna dawowa da yamma, ya yi mini tambayar da ban so ba. Uwar yaron tana so ya bari. Likita ya ce in ta sake tsinkewa, tafiya ma sai da sanda. Yaron kuma ya ce maganar babansa yake jira.

"Kai ka yi kokawa. Me ya sa ka bari?"

Na gaya masa. Ni ma gwiwa ce. Maɗori ya ɗaure ta ta warke sarai, amma Inna ta kira ni ɗakinta ta ce ba ta yafe ba in na sake shiga fili. Na cire layuna na ba ƙanena.

"Ta yi daidai?"

Na ce, "Oga, ga ni da ƙafa biyu lafiya. Da su nake taka motar nan, da su nake ciyar da 'ya'yana. Wanda muka yi tashe tare a kokawa, shi bai bari ba, yanzu zaune yake sallah. Inna ta yi daidai." Sai kuma na ga bai kamata in ba shi rabin magana ba. "Amma har yau in na je gida da kaka, ba na zuwa kallo. In na ji ganga, gona nake tafiya. Ban san abin da zan ce ka gaya masa ba."

Da na sauke shi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuya mini, abin da bai taɓa yi ba.

Daga baya ya ce mini abu ɗaya ya roƙi ɗan: kada ya koma sai likita ya sake shi da bakinsa, ko da sunansa zai kai ƙarshen jerin 'yan wasa. Sauran ya bar masa. Haruo ya jira. Sunansa ya yi ta sauka gasa bayan gasa. A watannin nan Oga bai daina kallo ba, sai dai yanzu gwiwoyin 'ya'yan mutane yake kallo. Wata rana ya nuna mini wani ya ce, "Wannan ma bai kamata ya fito ba. Yana da uba a wani wuri."

Aikin Oga ya ƙare daidai da fara Kofin Duniya. Gari ya cika maƙil, tutoci ko'ina, an canza mana hanyoyi, 'yan Japan ma ga su nan da shuɗɗan riguna. Kamfani ya ba shi tikitin kallon ƙwallo, ya miƙa wa Alhaji Mumuni. Gasar sumo ta ƙarshen shekara tana gudana a can, Haruo ya dawo yana hawa daga ƙasa, kuma akwai sauran wasa ɗaya a gabansa.

Ni na kai Oga filin jirgi, kowa na shigowa shi yana fita. A hanya na ce, "Oga, in ya faɗi fa?"

Ya ce, "Ya faɗi. Ina so in ga ya sauko da ƙafarsa, ina zaune a wurin."

Bayan kwana kaɗan ya turo mini bidiyo. An tura Haruo waje cikin ƙiftawar ido. Ya koma gefensa ya sunkuya, ya sauko daga tudun, ya bi hanya yana takawa sosai. Hoton yana ta girgiza, don mai ɗauka tafi yake yi da waya a hannu. Na kalla a ɗakinmu na Abu Hamour, ana ta ihun ƙwallo a falo, na maimaita har batir ya mutu.

To, dokokin nan uku da ake karanta muku, ku riƙe su, suna da amfani. Amma ku sani wanda ke zaune a bayanku, ko da shi ke sa hannu a takardar albashinku, shi ma baƙo ne a garin nan. Jikinsa ne kawai a motar, hankalinsa yana wurin wani da ba zai iya kai hannu gare shi ba, kamar ni, kamar ku. Wata rana waya za ta yi ƙara a kujerar baya, ku ji muryarsa ta canza. Ku nemi wuri mai kyau ku faka, ku kira ofis, ku tsaya kusa. In ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba.