Fanken Bikin Fitilu

Tun ina budurwa nake suyar fanke a ƙofar gidanmu a Zongo, ban taɓa gaba da kowa ba sai maƙwabciyata mai koko. Har yau ba na amsa gaisuwarta.

Abin ya samo asali ne daga wata dattijuwa Bayahudiya da kan tsaya sayen fanke in ta taso daga kasuwar Asigame. Wata rana ta ce mini suna da biki na kwana takwas, ana kunna fitilu, ana cin abin da aka soya da mai. Su kaɗan ne a Lome, kuma matasan ma'aurata sun daina zuwa wurin ibadarsu. Shi ne ta yi dabara: a tara yara a yi musu wasa da ciye-ciye, dole iyaye su biyo baya. Ta roƙe ni in je in soya musu, har ta kawo sabon kasko, ta ce kada nama ya taɓa shi.

Na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa wurin ibadarsu a unguwar Kege, ƙullu a cinyata. Dabararta kuwa ta ci. Wani uba ya zo ajiye 'yarsa, ko hular babur bai cire ba, sai ga shi a zaune yana koya mata waƙar da ya ce kakarsa ce ta koya masa. Da la'asar ta yi, dattijuwar ta shimfiɗa mini tabarma na yi sallata.

Kwana uku ina zuwa. A na huɗu na lura matan unguwarmu suna wuce kaskona a ƙofar gida ba sa tsayawa. Ashe mai koko ta bi gida-gida tana cewa na bar addini, wai an gan ni ina kunna wa Yahudawa wuta.

Na same ta a bakin famfo.

"Yaya, da idonki kika gani?"

"Aka ce."

"Wa ya ce?"

Ta juya bokiti ta ci gaba da tarar ruwa. Na ce, "Mu je gaban Liman, ki maimaita." Ta ƙi. Na tafi ni kaɗai. Liman ya saurare ni, ya ce, "'Yata, sana'arki halal ce, je ki soya." Ya kuma aika a saya masa fanke a idon jama'a.

Na ƙarasa kwana takwas ɗin cif, rabi don alkawari, rabi don mai koko ta ji haushi. Masu saye suka dawo a hankali, amma ita ba ta taɓa cewa in yafe mata ba. Bara da za ta aurar da autarta, ta turo ƙanwarta wai in soya musu na biki. Na ce ta je ta faɗa mata kaskona ya fashe. Ƙanwar tana tsaye tana kallon mai yana tafasa a ciki.