Irin Dawar da Na Kawo Daga Kudu

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Dawakin Tofa, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka samun ƙasar da ba mai ita. Karatuna bai wuce na allo da 'yan shekaru a firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙarfina, ina da mata da 'ya'ya, rumbuna ba ya cika amma yana kai mu kaka, kuma ina ganin kaina mutum mai son taimako. Ba zan kama sunan kowa ba.

Son taimakon nan yana da asali. Ina yaro mahaifinmu ya rasu, shekarar kuma aka yi yunwa har muka cinye irin da ya ajiye. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa ya tafi gona, Inna ta zauna tana share tsakar gidan da ta riga ta share. Sai ga wani tsoho maƙwabcinmu ya yi sallama, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Bai yi mata jaje ba. Cewa ya yi a ba shi ni, ƙugunsa ba ya son sunkuyo. Yana sara, ina zuba iri ina rufewa da diddige, har muka gama gonar. Dawar nan ce ta riƙe mu a gidan ubanmu. Tun daga nan na ƙudurta cewa in Allah ya hore mini, ba gidan da zai rasa iri a unguwarmu ina raye.

Da na girma, duk shekara in na gama girbina sai in tafi kudu, ta wajen Kaduna, in yi ƙwadago a manyan gonaki. Can na ga wata dawa mai zangarniya kamar damtsen ƙato. Na auna ta da hannuna, na tuna tamu 'yar guntuwa, na ji kamar an daɗe ana cutarmu. Na sayo rabin buhu na ɗauko. Ban tambayi kowa komai ba. Ban ma tsaya na ce wa kaina, me ya sa nake zuwa girbinta bayan tamu ta daɗe a rumbu ba.

A ranin nan wani abokina ya rasu, ya bar mata da yara biyar da gona ɗaya. Da ta fita takaba dangin mijin suka zauna, suka ce ba za ta iya ci da su ba, gara a raba yaran ita ta koma wajen 'yan'uwanta. Ta roƙe su su ba ta damina ɗaya su gani. Suka yarda, ba don ransu ya so ba. Da na ji haka na ce ga ranar da nake jira. Na auna mata iri na kai har ƙofar gida. Ta ce Yaya, ai marigayi ya bar nasa a rataye, tamu ta gida mai saurin nuna. Na yi dariya, na ce ta sussuke wannan ta yi wa yara tuwo, bana sai dangin mijinta sun zo aron rumbu. Ta ce ita dai ba ta san wannan dawa ba, amma tunda ni na kawo shi ke nan. A gida matata ta tambaye ni ko na taɓa gwada ta ko a bayan katanga. Na ce ta ji da tukunyarta.

Sauran gidajen da na ba wa, masu maza ne, sai suka shuka kunya biyu ko uku a gefe, suka yi mini godiya. Ita kaɗai ta shuka gonarta duka. Ni kuwa ko ƙwaya ban sa a tawa ba, domin na rabar gaba ɗaya, ina ganin iyakar kyauta ke nan.

Dawa ta tashi, koriya shar, ta fi ta kowa tsawo. Masu babur suna tsayawa su kalla. A majalisa aka laƙaba mini malamin gona, ina jin daɗi. Sai ta maƙwabta ta yi ciki ta fid da kai, tata kuwa sai ganye take ƙarawa. Wani a majalisar ya ce dawar malamin gona sai ta gaisa da gajimare tukuna za ta tuna da haihuwa. Aka yi dariya, har da ni. Bayan nan na daina zama, kullum ina gonar ina matsa kara ko zan ji ciki. Dawar ta fara yin ciki ke nan ruwa ya ɗauke, a lokacin da ya saba ɗaukewa, bai yi wa kowa laifi ba. Ta bushe a tsaye. Ranar da muka shiga da ita da manyan yaranta, ta ɓare kai ɗaya ta murza a tafinta, ta hure, ba abin da ya rage. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa yaran su sare karan, awaki za su ci ganyen.

Na kai mata dami daga rumbuna, ta karɓa. Na sake kaiwa, ta dawo da shi, ta aiko cewa ni ma ina da bakunan da ke jirana, kuma dangin mijinta ba abin da ke rumbuna suka ce za su duba ba. A gari kuwa aka ce na gwada iri a gonar marayu na tsare tawa. Ba haka ba ne, amma da wane baki zan musa? Na je wajen babban wan marigayi na ce laifin nawa ne, a ƙara mata shekara. Ya ce Malam, ya ji, amma yara ba sa cin bayani. Kafin wata damina ƙanenta ya zo daga Bacirawa ya tafi da ita da na goye da mai bi masa. Manyan ukun aka raba, biyu aka kai garin Kunci, ɗaya gidan baffansa. Da za ta hau mota ta ce in yafe mata in ta taɓa saɓa mini. Gara ma ta zage ni.

Har yau ina ba da iri, amma sai wanda na shuka a gonata na ci tuwonsa. Abin da na gane a makare shi ne, mai buƙata ba ya iya ce maka a'a. In ya yi shiru ya karɓa, ba yarda ya yi ba, kunyarka yake ji. Kai mai son taimako, kafin ka miƙa hannu ka tambayi mutum abin da yake da shi, kada ka sa ya zubar da nasa don naka ya fi kyau a ido. In gwaji za ka yi, yi a gonarka. Niyyata mai kyau ce, Allah ya sani, amma yaran nan biyar ba su ƙara cin tuwo a kwano ɗaya ba.