Baba Dutse da Bishiyoyin Ƙanin Matarsa

Idan ka shiga shagon ta ƙofar baya, teburin farko a hannun dama na Baba Dutse ne, kuma gara ka san haka kafin ka aza gwiwar hannu a kai. Shagon na masu ƙera ƙananan samfura ne. Kamfani zai gina madatsar ruwa ko layin dogo, sai ya so ya fara ganin abin a kan tebur, da tsaunukansa da gidaje kamar kwalin ashana. Akwai mai gidaje, akwai mai ruwa, akwai mai bishiya. Duwatsu kuwa na Baba Dutse ne shekara talatin da ɗaya, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ce mutumin yana da daɗin zama ba. Gwaninta dai ko maƙiyinsa bai hana shi ita ba.

Da fari magini ne, mai shafa filasta a silin. Ya faɗo daga kan katakon da suke hawa, ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai, tsohon mai shagon ya ɗauke shi ya riƙa kwaɓa masa filasta a bokiti. A wancan lokacin, da takardar buhun siminti suke yin dutse, su cukuikuye ta su shafa mata fenti. Sati biyu da fara aiki ya dubi mai shagon ya ce masa wannan ba tsauni ba ne, juji ne. Maimakon a kore shi sai aka ce to ya yi nasa a gani.

Ya ɗingisa har inda ake fasa dutse, ya tsinto gutsattsari kamar dunƙulen hannu, ya shafa musu ruwan roba sau bakwai, kowane shafi sai ya bushe kafin na gaba. Ya ɓare robar, ya zuba filasta a ciki, abin da ya fito kuwa har tsagar da tsinin allura ba zai shiga ba tana jiki. Daga nan ya kafa dokokinsa, ya kuma tsare su kamar ya gaje su. Layukan jikin dutse duk gefe ɗaya za su kwanta a tsauni guda. Roba ɗaya ba a zuba ta sau biyu a ajiye ta fuska ɗaya, sai a juya ta ko a karya ta. Fenti kuma ruwa-ruwa ake yi, ƙasa-ƙasa a fara, baƙi ya bi tsaga ya kwanta, sannan ɗigon shuɗi kaɗan don inuwa, a ƙare da busasshen burushi a kan tsinin. Ya kan ce zubi kowane jaki zai iya, a fenti ne ake sanin wanda ya taɓa kallon dutse. Saboda haka burushinsa ba ya aro, ba ya kuma barin kowa ya wanke masa.

Mai Bishiya ƙanin matarsa ne, shi da kansa ya kawo shi shagon. Ƙanin mata abokin wasa ne a ko'ina, kuma sun yi wasan na 'yan shekaru. Sai aka kawo aikin wani kwari, Baba Dutse ya kwashe sati uku a kan gangare ɗaya tal, ya zo da safe ya tarar an dasa masa bishiya shida a gaba, na wayar ƙarfe da soso, sun rufe shi ruf. Mai Bishiya ya ce zanen da aka ba su kurmi ya nuna a wurin, kuma gaskiyarsa ce. Baba Dutse ya watsa masa ruwan bokitin filasta a ƙirji. A sana'ar nan, ka rufe wa mutum dutse da bishiya daidai yake da ka ce masa aikinsa abin ɓoyewa ne.

Shekara goma sha tara ke nan ba sa ga-maciji. Teburansu taku huɗu ne tsakani, amma in ɗaya zai ce wa ɗaya ya matsar da gam, sai mai ruwa ya ɗauki saƙon ya kai. Matar Baba Dutse ta yi kuka, ta yi fushi, ta haɗa su da manya, ta gaji ta sa musu ido. In ƙanin nata zai zo gaishe ta, sai ya tsaya a bakin layi ya tabbatar babur ɗin mijin ba ya ƙofar gida.

Da tsohon mai shagon ya rasu, 'yarsa ta karɓa, wadda kowa ke kira Injiniya. Ba ta da hayaniya, amma ba ta maimaita magana. Ranar da aka kawo aikin babbar madatsa, tebur mai tsawon ƙafa goma sha biyu, ta kira Baba Dutse ofis ta rufe ƙofa. Ta ce masa tana girmama shi, amma ayyuka biyu na baya ba su yi mata ba, kuma wannan aikin ne zai nuna ko zai ci gaba da fenti ko zai tsaya a zubi kaɗai. Ta so ta ƙara wata magana, ya miƙe ya ce ya ji, tun tana rarrafe yake wannan aikin.

Ya fito zuciyarsa tana tafasa. Zubi kaɗai, wato ya koma ɗan kwaɓa filasta yana da shekara sittin da uku. Bai yi wata-wata ba ya san wanda ya kai shi gaba, ga shi can yana murɗa waya kamar bai san komai ba. Ya kuma san ba laifin hannunsa ba ne, fentin yanzu ne ya lalace. Shuɗin da ɗigo biyu ke isa da, yanzu sai ya zuba cokali guda bai ga ya kama ba. Ya zagi mai kantin fenti, ya sa aka canja ƙwan fitilar teburinsa sau biyu wai yana ba da haske rawaya, ya ci gaba da zuba shuɗi har sai da ya ga inuwar ta fito yadda yake so.

Wata guda ya yi a kan tsaunukan madatsar, kuma shi dai a ganinsa bai taɓa yin aiki kamarsa ba. Sai bishiyoyi suka fara hawa. Ya gama gangaren gabas ranar Talata, Laraba da safe ya tarar da shi cikin ganye. Ya gama na kusa da bakin ruwa, aka rufe shi da ciyayi masu tsayi. Ya ɗauko zanen ya kai shi kusa da hanci ya duba, babu kurmi ko ɗaya a wuraren, fili ne da dutse tsirara. Wannan karon Mai Bishiya ba shi da wata hujja, ɗan banzan, so yake Injiniya ta duba ta rasa dutsen da za ta gani ta ce tsoho ya gaza.

Kwana ɗaya kafin masu aikin su zo dubawa, ya tsaya a tsakiyar shagon ya ƙwala wa Injiniya kira, ya shimfiɗa mata zanen, ya ce a cire kowace bishiyar da ba ta cikinsa, yanzu, a gaban kowa. Mai Bishiya ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya yi masa magana kai tsaye, karo na farko tun ranar bokiti.

"Yaya, ka bar su inda suke."

Baba Dutse ya yi dariya. Ya ce wa mai ruwa ya gaya wa wancan cewa ɓarawo ne ke tsoron a kunna fitila. Injiniya ta dubi teburin ta dubi Mai Bishiya, ta ce, "Baba, ka shigo ofis mu yi magana tukuna." Ya ce ba inda za shi, an gama yi masa magana a bayan ƙofa. Ya ɗauki filaya ya shiga tumɓuke bishiyoyin da hannunsa, yana jefa su a kan teburin mai su, guda arba'in da wani abu. Bai tsaya nan ba, ya sa aka buɗe babbar ƙofa aka turo teburin cikin hasken rana, don kada wani ya ce fitila ce.

Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana jiran a yi magana. Mai gidaje ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba. Injiniya ce ta gaya masa, a hankali, cewa duwatsun shuɗaye ne.

Ya ce ƙarya ce, baki suka haɗa. Ya ɗingisa bakin titi ya tare wata mata da ke wucewa da jakar cefane, ya roƙe ta ta zo ta faɗi launin abin nan tsakaninta da Allah. Matar ta leƙa ta ce kai, abin ya yi kyau, amma me ya sa tsaunukan suke kamar an wanke su da bula? Ta ce da farko ta zaci duk ruwa ne.

Baba Dutse ya duba. Ya ƙanƙance ido, ya buɗe, ya matsa har numfashinsa yana taɓa filastar. Dutse yake gani, ƙasa-ƙasa mai kyau, da inuwa daidai inda ya sa ta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗo daga sama, domin abin da kowa ke gani shi ba ya gani, kuma ba wanda zai zaga a kai. Mai Bishiya yana tsince bishiyoyinsa yana miƙe musu rassa, bai ɗago ba ya ce, "Shekara guda ina rufe maka. Kada ka ɗauka don kai ne, don Yayata ce. Ga shi ka buɗe da hannunka, sai ka ji daɗi."

Likita ya ce yanar ido ce a idanun biyu, ta daɗe, ita ke sa shuɗi ya dushe masa. Ya ce ana cirewa, amma ga ciwon sukari, sai an bi a hankali, kuma bai yi alkawarin launi zai dawo kamar da ba. Matarsa ta ce ya je ya ba ƙaninta haƙuri. Ya ce mutumin da ya bar shi shekara guda yana abin kunya bai buɗe baki ba, shi ne zai ba haƙuri? Ta ce in ya buɗe bakin, da me za ka watsa masa wannan karon? Bai ci abincin ranar ba.

Injiniya ba ta kore shi ba, ta yi abin da ta ce. Yanzu yana zuba filasta, yana ɓare roba, yana jera fararen duwatsu a faranti, mai ruwa ya ɗauka ya kai taku huɗu, teburin Mai Bishiya. Burusan ma can suka koma. Ran nan farantin ya dawo da dutse ɗaya da aka gama, za a manna shi. Baba Dutse ya ɗauka ya kai taga, ya juya shi, ya daɗe. Shagon ba kowa sai su biyu, ba wanda zai aika.

"Wane launi ne wannan?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Launin dutse," in ji Mai Bishiya. "Yadda ka koya mini. Ajiye shi, hannunka da filasta."

Ya ajiye.