Wani Na Kan Layin Malam Alkasum

Shekara ashirin da bakwai Malam Alkasum ya yi a gaban allon haɗa talho na wani biro, wato ofishi, a Agadas, ya zare waya nan ya soka can. Ba ya faɗa wa kowa, amma rabin sirrin garin ta kunnensa ya bi. Shi ya sa ko bayan ya ajiye aiki bai taɓa yarda da talho ba. Mutumin da ya san yadda ake sauraren mutane, ai ba ka ce masa ba a yi.

Abin da ya tsira da shi daga aikin tsofaffin kawunan talho ne guda uku, masu nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ja musu waya da hannunsa a gidansa na unguwar Katanga: ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakinsa, ɗaya can ciki wajen matarsa Habsatu. Layin gida ya daɗe da mutuwa, amma kowace Juma'a sai ya goge su.

Salula kuwa ba su shiri. Yatsunsa sun bushe, ya yi ta shafar gilashin, ta ƙi amsawa har mai kira ya gaji. Ɗansa Mansur, da ke aiki a mahaƙar gawayi ta Anu Araren, shi ya zo da wani ɗan akwati baƙi. Ya sa masa kuran, wato wutar lantarki, ya soka wayar gidan a bayansa, ya ajiye salular kusa da shi.

"Baba, yanzu in an kira salula, tsofaffinka duka za su yi ƙara. Ka ɗauki wanda ka so."

"To wa ke cikin akwatin?"

"Ba kowa, Baba."

"Mu ma haka muka riƙa cewa."

Duk da haka, ranar da zauren ya ɗauki ƙarar da ya shekara goma bai ji ba, sai da tsohon ya juya baya ya share ido.

Daɗin bai daɗe ba, don akwai abin da yake ɓoyewa. Likita Shaibu ya ga wani ƙari a cikinsa, ya ce sai an yi masa aiki a Yamai, kuma kada watan ya wuce. Malam Alkasum tsoron wuƙa yake yi, tsoro na gaske. Ya fi tsoron a sani ma, don ranar da iyali suka ji, ranar za a cusa shi a mota. Likitan kuma bai gajiya da kira.

A kira na biyu ya ji abin. Wani ɗan "ƙit", sai muryar likita ta ɗan yi nisa. Ko cikin barci ya san wannan: an buɗe layi, wani na saurare.

Ya fara da akwatin. Ya kwance shi, ya ga ba komai ciki sai wani ɗan faranti kore, ya mayar yana tsaki. Ya koma kan Mansur, ya ce lalle yaron ya dasa abin ne don ya riƙa jin gidan daga bakin aiki, har ya kwana biyu yana amsa gaisuwarsa a daƙile. Sai maƙwabcinsa Illiya mai gyaran babur, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Malam ya hau soro da rana tsaka yana bin waya taƙi-taƙi, ko Illiya ya ɗaura tasa a jiki. Illiya ya ɗaga kai ya gaishe shi, Malam ya ce a ransa, ga shi nan, har da gaisuwar munafunci.

Habsatu kaɗai bai lissafa ba. Shekara arba'in tana cewa talho aikinsa ne, ita ba ta iya magana da wanda ba ta gani. Kan da ke ɗakinta ma, a saninsa, faifai take kifawa a kai.

Ranar Litinin bayan la'asar likita ya sake kira. Malam ya ɗauka a zaure. Ƙit.

"Malam Alkasum, kwana tara suka rage. Ka gaya wa iyali?"

"Na gaya musu. Sun ce a bari sai bayan Salla."

"Likita, bai faɗa wa kowa ba."

Muryar ta fito tsaf, kusa da kunnensa. Ya ɗaga kan talhon ya dube shi, ya mayar.

"Laraba zai tafi, Mansur zai raka shi," in ji Habsatu. "Kayansa na ɗaure tun shekaranjiya. Malam, ajiye, ina da magana da likita."

Kunya da haushi suka taso masa tare. A gidansa, a kan wayar da ya ja da hannunsa, a ce ya sauka daga layi! Ya danna maƙalin ya saki a hankali yadda za a ɗauka ya ajiye, ya danne numfashinsa.

Da ta sake magana, ba muryar da ta ba shi umarni ba ce.

"Likita, ya ajiye. Don Allah gaya mini gaskiya, in na bari ya tafi, zai komo mini?"