Ranar da Aka Cinye Darasin Fatihu

Fatihu ɗan ƙanena ne, ɗan masunci daga bakin kogin Haɗejia. Tun yana ƙarami ba ya cin kifi sai ya farke cikinsa ya leƙa. Na ce wannan ko mahauci ko likita. Sai ya zama malamin kimiyya a wata sakandare ta hanyar Malam Madori, shekara uku yana aikin wucin gadi, wuya kamar na zalɓe.

Da aka ce mai duba malamai zai zo, kuma darasi ɗaya zai sa a tabbatar da shi ko a sallame shi, sai ya faɗo mini.

"Gwaggo, waina biyar nake so, da taliya, da riɗi, da dafaffen ƙwai."

"Aure za ka yi ko suna?"

Wai ƙwayar halitta zai gina a ƙwarya. Ƙwai ne cibiya mai ba da umarni. Riɗin da ya barbaɗa kan taliya su ne ribosom, masu ƙera furotin. Taliyar ce lungun da ake naɗe shi. Wainar da ya jera, wai Golgi, ita ke gyara shi ta ɗaure ta aika inda ake bukata. Ranar duban, ya rufe da faifai, ya ajiye a ofis, ya tafi jera kujeru.

To, a garin nan wa zai ga ƙwarya rufe da faifai ga baƙo zaune, ya ƙyale ta? Shugabar makaranta, Malama Suwaiba, ta tura wa mai duba malaman, Alhaji Ja'afaru, har da ruwan wanke hannu.

Fatihu ya dawo ya tarar da rabin waina ɗaya. Amma bakin gidanmu bai taɓa mutuwa ba. Ya ɗauki ƙwaryar, ya gayyaci baƙon zuwa aji.

"Ranka ya daɗe, me ka fara ci?"

"Ƙwai."

"Yara, cibiya ta tafi. Wa zai ba riɗi umarni?"

Haka ya bi cikin Alhaji loma-loma, yara na amsawa suna kwance da dariya, har suka kai ga Golgi. Alhaji ya laso riɗi daga haƙori ya ce, "Wannan fa, furotin nawa zai ƙera mini?"

Takardar tabbatarwa ta zo bayan Sallah. Yanzu duk zango sai na toya Golgi biyar, shi kuma ya rubuta a faifan: ba na baƙi ba ne.